Mai Gadi da Dokar Magani

A Nima da Mamobi, cikin birnin Akara, akwai maza da yawa da ke barin gida bayan la'asar su tafi gadi a Cantonments ko a manyan gidajen kusa da filin jirgin sama, ba su komo ba sai rana ta fito. Akwai mata masu tuyar ƙosai da dafa wake da shinkafa, waɗanda sukan hura wuta tun kafin asuba. Ga kuma yaran motar torotoro. Idan ɗaya daga cikinsu ya kamu da hawan jini ko ciwon sukari, ya tafi wurin mai maganin gargajiya, sau da yawa yakan komo da ƙullin saiwa da ganye, tare da dokoki masu nauyi. A tafasa sabo kowace safiya. A sha bayan kowace awa uku. Ban da gishiri, ban da mai, ban da abincin da aka dafa a waje. A yi sirace da dare, a kwanta da wuri.

To, ina mai gadi zai tafasa ganye da ƙarfe biyun dare? Idan kuwa ciwon ya ƙi tafiya, laifin wa ke nan?

Kada wani ya ɗauka ana rena maganin itatuwa ne. Ƙasar Gana ta daɗe da ba shi daraja. A 1975 aka kafa cibiyar binciken maganin itatuwa a Mampong ta ƙasar Akuapem, bisa ga aikin Dakta Oku Ampofo, a 2000 kuma aka yi dokar da ta tsara sana'ar masu maganin gargajiya. Zancenmu a kan dokokin da ake ɗora wa majinyaci ne.

Wannan abu ba a zango kaɗai yake ba. Wani likita Bajamushe, Max Gerson, wanda ya rasu a Amurka a 1959, ya bar wani tsari da har yanzu wasu masu ciwon daji suke bi. Za a sha kofi 13 na ruwan kayan lambu a yini, ɗaya kowace awa, a matse shi sabo, abin da ke cin kusan kilo 9 na kayan lambu da 'ya'yan itace kullum, a kuma riƙa ɗura ruwan gahawa ta dubura. Masu binciken ciwon daji ba su sami tabbacin cewa yana warkarwa ba. Amma dubi wani abu, ya ɗan'uwa mai karatu. Tsari irin wannan ba mai iya cika shi sai wanda ya ajiye aiki, yana kuma da mai yi masa hidima. Saboda haka duk ran da ya kāsa, amsa tana nan a shirye: ai kai ne ka tsallake na ƙarfe huɗu. Yawan dokar ya zama garkuwa ga mai magani. Majinyaci kuwa ya tafi da kaya biyu, ciwonsa da kuma zargin kansa.

A ganina wannan zalunci ne, ko da mai maganin bai nufa ba. Wanda ya ba mutum umarnin da ya san ba zai yiwu a gare shi ba, sa'an nan ya karɓi kuɗinsa, ya riga ya wanke hannunsa tun kafin a fara. Mai magani na kirki yakan fara da tambaya: wane aiki kake yi, ƙarfe nawa kake tashi, wa ke dafa maka?

Amma mu ma muna da namu rabo a ciki, gama zuciyar mutum tana son magani mai wuya. Ka tuna da Na'aman, jarumin Suriya, a Littafin Sarakuna na Biyu sura 5. Da Elisha ya aika masa ya yi wanka sau bakwai a Urdun, sai ya husata domin abin ya yi masa sauƙi. Barorinsa ne suka nuna masa cewa da abu mai wuya aka sa shi, da ya yi ba musu. Haka muke. Ƙwaya ɗaya da safe daga asibitin Mamobi mukan ga kamar wasa ce, amma wanda ya hana mu abu goma sai mu ce ya san aikinsa. Har akwai masu ajiye ƙwayar asibiti gaba ɗaya domin su bi sabon tsari. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya ka da mutum.

Sai maigidan aiki. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta sa awa 8 a yini ko 40 a mako, da hutun aƙalla minti 30 a tsakiyar aiki, da awa 12 tsakanin aikin yau da na gobe. Ta ware masu aikin gida daga waɗannan sassa, sai a 2020 aka yi musu nasu ƙa'idodi. Mai ƙosai da yaron mota kuwa, wa zai ƙidaya musu awa? Kirista da ke da mai gadi ko 'yar aiki bai kamata ya jira doka ba. Idan ka san mai tsaron ƙofarka yana shan magani, ba shi wurin ɗuma ruwa, ka sake shi ranar da likita ya sa masa, kada kuma ka yanke masa kuɗin wannan rana.

Shi majinyacin fa, ya bar aiki domin magani? Akwai ciwon da ya isa haka, likita ne zai faɗa. Amma barin aikin da ke ciyar da mutum bakwai saboda tsarin da ba wanda ya gwada ingancinsa, caca ce da abincin yara. Gara ya ɗauki ƙullin saiwar da ƙwayoyinsa duka ya kai wa likita, gama wasu itatuwa ba sa jituwa da maganin asibiti. Ya faɗi lokacin aikinsa yadda yake, daga ƙarfe shida zuwa ƙarfe shida, ya roƙa a nuna masa waɗanne dokoki ne dole, waɗanne ne ƙari. Rage gishiri yana yiwuwa ko a bakin ƙofar gadi. Ruwan magani kuma yana shiga filas.