Wanda Aka Bari a Magama

Ni ɗan tudu ne, iyona bai wuce na kududdufin damina ba. Shi ya sa da aiki ya kai ni Zanzibar, abokan tafiyata suka ɗauki ƙaramin jirgin ruwa daga Matemwe zuwa gefen tsibirin Mnemba don yin nutso, na ce zan raka su amma a jirgi zan zauna. Su shida ne. Kowa ya goya tukunyar iska, ya sa gilashin fuska da takalma masu kama da ƙafar agwagwa. Kafin a shiga ruwa aka haɗa su bibbiyu, aka ce wa kowa abokinsa amana ne a wuyansa har su fito. Suka faɗa teku da baya, aka bar ni da matuƙi.

Wajen minti arba'in mutumin nan bai dube ni ba, idonsa na kan kumfar numfashinsu. Huɗu suka fito, biyu suka yi jinkiri. Da ya ga na ƙosa sai ya yi mini bayani. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa yana ƙara danne shi da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a tudu, sai iskar naitirojin ta riƙa narkewa a jininsa. In ya taso a gaggauce za ta yi kumfa a jikinsa kamar an girgiza kwalbar lemo an buɗe, tana iya shanye masa jiki ko ta kashe shi. Saboda haka masu nutso sukan dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin su leƙo. Na ƙasa ba shi da ikon yin sauri, dole na sama ya jira.

A watan Janairun 1998 wani jirgi a tekun Ostireliya ya koma gida ya bar wasu ma'aurata Amurkawa a ruwa saboda kuskuren ƙidaya. Sai bayan kwana biyu aka farga, da aka ga jakarsu a jirgin. Ba a same su ba. Daga nan jihar Kwinslan ta tsananta dokar ƙirga mutane kafin jirgi ya tashi.

Abin da ya sa wannan labari ya ƙi sakina shi ne, ni ma na taɓa zama a motar da ta tafi ta bar mutum. Daga Katsina muka taso za mu Maraɗi ta Jibiya, mu ma fasinjoji shida. A Magama, dab da iyaka, aka sauke mu don duba takardu. Biyar muka dawo. Na shidan wani matashi ne da ya zauna kusa da ni, wanda ya miƙo mini gyaɗa tun muna Batsari Road kafin mu fita gari. An tsayar da shi ana yi masa tambayoyi.

Muka jira rabin sa'a cikin zafin bazara. Wata dattijuwa da ke rungume da jikanta mai zazzaɓi ta ce, "Direba, don Allah ka dubi yaron nan." Wani ɗan kasuwa ya ce ana jiransa a Ɗan Isa. Direba ya waiwayo ya ce, "To jama'a, me kuka gani?" Kowa ya faɗi nasa. Ni na yi shiru, shirun kuwa aka ɗauke shi a matsayin amincewa, kuma da gaskiyar waɗanda suka ɗauke shi haka.

Na daɗe ina ba kaina uzuri, kuma uzurin ba na banza ba ne. Magama ba teku ba ce. Wanda aka bari a can zai sami inuwa da ruwa da wata motar. Yaro mara lafiya ya fi shi bukata, kuma ba adalci ba ne a ɗaure mutum biyar saboda matsalar mutum ɗaya wadda ba su suka jawo ta ba. Har yau ban ce tafiyar da muka yi zalunci ce ba.

Amma akwai inda uzurin ya tsaya. A jirgin Ostireliya an ƙirga ba daidai ba, sakaci aka yi. Mu kuwa lissafinmu daidai yake, mun san gurbin wa ya zama fanko, har na miƙe ƙafata a ciki. Ƙanƙantar ayari ta sa an lura da wanda babu, amma ba ta sa kowa ya tashi ba. Abin da masu nutson Mnemba suke da shi mu ba mu da shi bai wuce wannan ba: tun kafin su jiƙe an ɗora wa kowa mutum guda, da sunansa da fuskarsa. A motarmu matashin nan nauyin kowa ne, sai kowa ya ɗauka na kusa da shi zai sauke. Na kusa da shi kuwa ni ne. Ba sai na hana motar tashi ba. Da na sauka na taka taku hamsin na ce masa, "Ɗan'uwa, za mu wuce, ga jakarka," da na fita hakkinsa. Tsoron kada a haɗa ni da shi cikin tambayoyin ne ya zaunar da ni, na sa wa tsoron suna haƙuri.

Sai a tashar Maraɗi, da aka buɗe but, muka ga jakarsa, baƙar leda ɗaure da igiya. Direba ya ba 'yan kamasho ajiya. Suka ce, "Wane suna za mu rubuta?" Muka dubi juna, mu biyar da direba na shida.