TAUSAYIN DABBA NE KO ƘIN ADDINI?



A watan Afrilu na 1933, Hitler bai cika wata uku a kan mulki ba, Jamus ta kafa dokar hana yanka dabba sai an fara sumar da ita. Da sunan tausayin dabba aka yi, amma kowa ya san da Yahudawa ake, don a shari'arsu dabbar da aka raunata kafin yanka ba ta ciwuwa. Suwizalan ta riga yin haka tun 1893, Folan ta taƙaita yankansu a 1936, Suwidin ta hana a 1937.

Hankalin malamansu ya tashi. Wani babbansu a birnin Balin, Yechiel Weinberg, ya yi dogon bincike ko za a iya sumar da dabba da lantarki ba tare da ta haramta ba. Manyan malamansu suka ƙi, suna tsoron in aka sassauta a Jamus, sauran ƙasashe za su bi. Gidaje da yawa suka haƙura da nama.

Wani zai ce: Malam, ina ruwanmu?

Da ruwanmu. Wuƙarsu da tamu doka ɗaya ke kama su. Danmak ta hana yanka ba tare da sumarwa ba a 2014, yankuna biyu na Beljiyam suka bi a 2019. Musulmi da Yahudawa tare suka kai ƙara, amma a 2020 kotun Tarayyar Turai ta ce ƙasa tana da ikon yin dokar. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko ba don wannan ba, aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Zalunci sunansa zalunci, ko wa aka yi wa.

Sai dai ni abin da ya fi damuna yana nan gida. Hujjarsu tausayi ce, mu kuma muna cewa addininmu ya riga su. Gaskiya ne: a hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya yi umurni da kyautata yanka, da wasa wuƙa, da hutar da dabba. To, mu je karar Mai'aduwa mu ga yadda wasu ke cusa shanu a tirela, a nufi Kudu da su kwana da kwanaki ba ruwa. Mu duba masu wasa wuƙa a gaban rago, da masu fara fiɗa rai bai gama fita ba. Nama ya halatta, amma alhakin dabbar fa?

Wanda ke kare yankan halal da baki yana azabtar da dabba da hannu, shi ke miƙa wa maƙiya hujja. Mahauta, fataken dabbobi, da mu masu layya, mu ji tsoron Allah.

Allah Ya sa mu dace.