Tausayin da Ke Rage Mudu

A 'yan shekarun nan an yawaita maganar makarantar sakandare ta kowa da kowa, wato wadda makaho da kurma da gurgu za su zauna aji ɗaya da sauran yara, malami ɗaya, manhaja ɗaya. Da yawa daga cikinmu mun yi na'am da zancen tun ba mu auna nauyinsa ba. Karɓar yaro a rubuta sunansa cikin rajista aikin minti biyar ne. Wuyar tana farawa ran Litinin da safe, sa'ad da malamin lissafi ya ɗauki alli ya juya ga allo ya ce, "Ku dubi nan, wannan a tara da wannan," alhali kuwa a layi na biyu akwai yarinyar da ba ta taɓa ganin allo ba. Me ya wajaba a yi da ita cikin wannan sa'a?

Amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce a ɗauke mata. Sai mu ce, baiwar Allah, abin da ke kanta ya ishe ta, a bar ta ta yi Turanci da Hausa da tarihi da addini, lissafi da kimiyya kuwa a yafe mata. Wanda ya faɗi haka ba mugu ba ne. Sau da yawa ma shi ne ya fi kowa taushin zuciya a ɗakin malamai. Amma mu bi sawun wannan shawara mu ga inda take kaiwa. A ƙasar nan, galibin fannonin jami'a suna neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Ashe ke nan ranar da aka ɗauke wa yarinya mai shekara goma sha biyu darasin lissafi, a ranar aka rufe mata ƙofofin da ba ta ma san da su ba tukuna, kuma ba wanda ya tambaye ta. Za ta gane bayan shekara shida, lokacin da gyara ya wuce.

Mun san hukuncin da muke yi wa mai awo a kasuwa idan ya ga mai saye makaho ne ya rage masa mudu. Ba ma tsayawa mu tambayi abin da ke zuciyarsa. Manhaja kuwa mudu ce: ita ce abin da al'umma ta zauna ta auna ta ce, ga rabon kowane yaro daga ilimin da muka gada. Wanda ya rage ta don tausayi ya bambanta da mai awon can a niyya, wannan gaskiya ne, amma yarinyar da ta koma gida da ƙwaryarta ba a cike ba, niyyarsa ba za ta cika mata ita ba.

Wani zai ce, to ai makaho ba zai iya lissafi ba. Tarihi bai yarda da wannan ba. Nicholas Saunderson, mutumin Ingila, agana ta ɗauke masa idanu yana da kamar shekara ɗaya a duniya. A 1711 ya zama shehun malamin lissafi a Jami'ar Kambirij, a kujerar da Isaac Newton ya taɓa zama, yana yin lissafinsa da wani allo mai ramuka da 'yan ƙusoshi wanda ya ƙera wa kansa. Louis Braille na Faransa yana ɗan shekara goma sha biyar, a 1824, ya tsara rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda ke ba da alamu 63. A Amurka kuma Abraham Nemeth, wanda aka haifa makaho, ya fitar da tsarin rubuta lissafi da waɗannan ɗigogi a 1952, ya kuma shekara da shekaru yana koyar da lissafi a jami'a. Ba mu kawo sunayensu don mu ce kowane makaho gwani ne ba. Masu ido ma ba duka ke son lissafi ba. Abin da suka nuna shi ne, allo da alli hanya ce kawai ta kai lissafi ga yaro, kuma akwai wasu hanyoyi. Mu ne muka saba da hanya ɗaya har muka ɗauka ita ce darasin.

A nan ne maganar tallafa wa ɗalibi take shigowa, kuma a nan ne ake gane makarantar da ta yi da gaske. Wani tallafin ba ya cin ko kwabo. Malami ya daina cewa "wannan da wannan," ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa da sunansa, lamba da lamba; yaran da ke bayan aji, waɗanda ba sa hango allo sosai, su ma za su amfana. Ajin da ke da gurgu a sauko da shi ƙasa maimakon a riƙa goya saurayi ana hawa bene da shi a gaban tsaransa. Kurma ya zauna inda zai ga fuskar mai magana. Wani tallafin kuwa yana cin kuɗi, kada mu ruɗi kanmu. Littafin da mai ido ke riƙewa da hannu ɗaya, idan aka mayar da shi rubutun makafi yakan zama kundi da yawa. Ana bukatar na'urar buga rubutun, da takarda mai kauri, da mai fassara da hannu saboda kurame, da ɗaki guda inda malamin da ya koyi wannan aiki zai karɓi darasin gobe tun yau ya shirya shi, ya kuma mayar da amsar ɗaliba rubutun da malamin aji zai iya karantawa. Wayar hannu da kwamfuta masu karanta rubutu da murya sun sauƙaƙa abubuwa da dama, amma ba su maye gurbin wannan malami ba.

Akwai kuma wata hanya mai arha da ya kamata mu yi hattara da ita. Makaranta takan sami yarinya mai kirki a aji ta ce, ke ce za ki riƙa karanta mata, ki rubuta mata, ki kai ta ki dawo da ita. Taimakon juna tsakanin yara abu ne mai kyau ƙwarai, kuma yana cikin ribar zama aji ɗaya. Amma dukanmu mun san yaron nan ɗan jagora da ke riƙe da sandar makaho a bakin tasha, wanda karatunsa ya tafi a kan hanya. Bai kamata makaranta ta sake haifar da shi cikin aji ta kira abin ƙauna ba. Abin da yake hakkin hukumar makaranta ne, kada a ɗora shi a wuyan 'yar shekara goma sha uku.

Iyayen sauran yara su ma suna da ƙorafi, kuma ya cancanci a saurare shi. Sukan ce, don me za a ƙara wa wani lokaci a jarrabawa? Amsar tana cikin abin da jarrabawa take son aunawa. Yatsa ba ya karatu da saurin ido, kuma tambayar ita ce ko ɗaliba ta san darasin, ba wai da wace gaɓa ta karanta shi ba. Shi ya sa hukumar JAMB ta kafa wani rukuni na musamman a 2017 domin shirya wa makafi da makamantansu jarrabawar shiga jami'a. Ƙarin lokaci bai canza tambayar ba, bai kuma rage makin cin jarrabawa ba. Mudun yana nan yadda yake.

Sai dai ba za mu ɓoye inda maganarmu take da rauni ba. Akwai yaran da naƙasarsu ta shafi fahimta, waɗanda ko an share musu hanya ba za su kai ƙarshen manhajar babbar sakandare ba. Tilasta musu ita zalunci ne irin na daban. Akwai kuma kurma guda ɗaya tilo cikin aji mai yara sittin, ba mai iya maganar hannu ko ɗaya, wanda kaɗaicinsa ya fi na wanda ke makarantar kurame inda yake da abokan hira. Taron da aka yi a Salamanka ta ƙasar Sifen a 1994, inda gwamnatoci 92 suka amince cewa makarantun gari su karɓi kowane yaro, shi kansa ya yarda cewa kurame kan fi samun biyan bukata a makaranta ko aji nasu na musamman saboda harshensu. Don haka ba mu ce kada a taɓa sauya manhaja ga kowa ba. Abin da muke cewa shi ne, ragewa ta zama mataki na ƙarshe, bayan an gwada an sake gwadawa, da sanin yaro da iyayensa, a kuma bar ƙofa a buɗe a sake duba shawarar baɗi. Mu kuma tambayi kanmu tsakani da Allah: wannan sauƙin da muke nema, na yaron ne ko namu?

Ba yau aka fara wannan hidima a ƙasarmu ba. Mishan na SUM sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953, Babban Bishop Leo Taylor kuma ya kafa makarantar Pacelli a Legas a 1962, a zamanin da kusan kowa ya ɗauka sana'ar makaho bara ce. Waɗancan magabata sun ware yaran ne domin babu wani wuri da zai karɓe su. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja. Wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-gine ya cika a farkon 2024. Kowannenmu ya san makarantar unguwarsa, ya san ko an yi. Makarantun Ikilisiya kuwa, da suka riga gwamnati fara wannan aiki da shekaru masu yawa, abin kunya ne a ce yanzu suna jiran doka ta ja su.

Mu koma ga yarinyar nan ta layi na biyu. A makarantar da ta ɗauki alkawarinta da gaske, tun jiya malamin lissafi ya miƙa darasinsa ga mai mayar da shi rubutun makafi. Wani ya manna zare a jikin kwali ya yi mata siffar mai kusurwa uku, tana bi da yatsa tana jin inda layi ya haɗu da layi. Malam ya ba da aikin gida guda goma, ita ma goma. Ran Laraba ya dawo da takardu, ya kira sunanta a gaban aji ya ce, "Na bakwai da na tara kin faɗi, ki sake su ki kawo mini gobe."