Baffana da Littafin Bashi

Shekara uku na yi ina sakataren ƙungiyar manoman ƙauyenmu. Aikin bai wuce littafi ɗaya da makullin sito ba. Duk damina ƙungiya takan karɓo takin zamani, ta raba wa mambobi bashi, a biya bayan kaka. Dokarmu guda ce, kuma kowa ya dangwala yatsa a kanta: wanda bai biya na bara ba, ba ya karɓar na bana. A damina ta uku sai sunan Baffana, ƙanen mahaifina, ya faɗo cikin waɗanda ba su biya ba, domin ambaliya ta cinye masa gona.

Ya same ni a ƙofar sito bayan la'asar, ya ce, "Ɗana, buhu biyu kacal. Ka dai san abin da ya same ni."

Na durƙusa na ce, "Na sani, Baffa, Allah Ya mayar da alheri. Amma takin nan ba nawa ba ne."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe karatun da na biya maka kuɗinsa abin da ya koya maka ke nan?"

Tun ranar nake juya tambaya ɗaya a zuciyata: idan ƙa'ida da tausayi suka yi karo a hannun wanda aka ba riƙon ma'aikata ko ƙungiya, wanne ya kamata ya bi?

Masana harkar gudanarwa sun daɗe suna kewaya wannan batu. A 1916 Henri Fayol, injiniyan ma'adinai ɗan Faransa da ya shugabanci babban kamfani shekaru masu yawa, ya wallafa littafin da ya jera ƙa'idoji 14 na gudanarwa. Daga cikinsu akwai fifita maslahar jama'a a kan ta mutum ɗaya, da cewa iko da alhaki tare suke tafiya. Max Weber, Bajamushe masanin zamantakewa, ya bayyana ma'aikatar zamani a matsayin wurin da rubutacciyar doka ke mulki, inda muƙami ba mallakar mai riƙe da shi ba ne, kuma ba a duba fuskar mai neman haƙƙi. A wannan ma'auni, na yi daidai da na hana Baffa.

Sai dai Weber kansa ya ji tsoron tsarin da ya siffanta, ganin yadda yake iya mayar da mutane tamkar ƙusoshin inji. Fayol ma ya sa daidaito cikin ƙa'idojinsa, yana nufin adalci haɗe da kyautatawa. Tun kafin su, a ƙarni na 15, Shaihu Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan sha'anin mulki, inda ya nanata masifar da ke cikin shugaba ya ɓuya wa talakawansa. Shugaba na iya ɓuya a bayan ƙofar fada, yana kuma iya ɓuya a bayan littafi. Da na ce wa Baffa "doka ce" na kulle sito na tafi gida na yi barci, da na yi irin wannan ɓuyan.

Abin da ya warware mini ƙullin shi ne littafin kansa. Da na buɗe shi da daddare, na ƙirga mutum bakwai da ambaliyar ta hana biya. Ɗaya daga cikinsu bazawara ce mai marayu huɗu, wadda ba ta da kowa a kwamiti, don haka ko zuwa roƙo ba ta yi ba. Da na ba Baffa buhu biyu a ɓoye, da na kira abin tausayi, alhali kuwa tausayin bai isa gidanta ba. Naka sai naka, in ji masu iya magana, amma ita wa ke nata? Doka ce kaɗai ta tsayar da ita da Baffana a sahu ɗaya. Idan na karya dokar saboda shi, na rushe abin da take jingine da shi ke nan.

Amma kuma dokar ta gaza, domin waɗanda suka tsara ta ba su hango ambaliya ba. Ta haɗa mai taurin bashi da wanda ƙaddara ta faɗa wa. A nan na fahimci iyakar ikona. An ba ni ikon aiwatar da doka, ba a ba ni na sauya ta ba, amma an ɗora mini alhakin kai rahoto idan ta fara cutar da mutanen da aka kafa ta dominsu. Na nemi shugaba ya kira taro, na karanta sunaye bakwai ɗin, na bayyana a gaban kowa cewa ɗaya Baffana ne, sannan na fita waje don kada a yanke hukunci ana jin nauyina. Suka amince a ɗage wa duk wanda annoba ta shafa biya na shekara guda, bayan mutum biyu sun je sun ga gonar. Aka rubuta.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Taron ya ci mako biyu kafin a haɗu, takin ya isa gonar Baffa a makare, masararsa ba ta yi yadda ya kamata ba. Ya yi wata biyar yana amsa gaisuwata a taƙaice. Wani zai ce na sayi tsabtar sunana da amfanin gonar dattijon da ya rene ni, kuma wannan zargi yana da nauyin da har yau ban gama sauke shi ba.

Duk da haka, matsayina bai sauya ba. Gudanarwa riƙon abin da ba naka ba ne, a madadin mutanen da mafi yawansu ba sa wurin lokacin da kake yanke hukunci. Mai riƙon bai da damar yin kyauta da shi, bai kuma da damar toshe kunne. Tausayinsa sai ya bi ta hanyar da kowa ke gani, har ya zama haƙƙin duk wanda halinsu ya zo ɗaya. Bayan shekara biyu ƙanƙara ta yi ɓarna a gonakin yamma da gari, kuma sakataren da ya gaje ni ya buɗe wannan shafi ya ɗage wa mutum goma sha ɗaya biya, ba tare da wani ya je ƙofar sito roƙo ba.