Salamar da Ake Hangowa a Tsibirin Aisland

Can arewacin Tekun Atlantika akwai tsibirin Aisland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Ba ta da rundunar soja ta dindindin, 'yan sandanta na sintiri ba sa rataya bindiga, kuma tun shekarar 2008 ita ce ke zuwa ta ɗaya a jerin ƙasashen da suka fi zaman lafiya a duniya. Ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa ne ke ɗumama mafi yawan gidajenta. Wanda ya gaji da kwanan fargaba, in ya ji wannan labari, ba abin mamaki ba ne zuciyarsa ta raya masa ya tattara ya koma can.

'Yan'uwa, wannan marmari ba laifi ba ne, gama kowane mai rai yana son kwanciyar hankali. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu: daga ina mutanen nan suka samo tasu salamar?

Ƙasar ba ta ba su ita a ɓagas ba. A watan Disamba hasken rana a Reykjavik, babban birninsu, na wajen sa'a huɗu zuwa biyar ne kawai. A 1783 dutsen Laki ya yi aman wuta, yunwar da ta biyo baya ta cinye wajen kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar. A ƙarshen ƙarni na 19 dubbai sun yi ƙaura zuwa Kanada saboda tsananin rayuwa. A 2008 manyan bankunansu uku suka durƙushe cikin 'yan kwanaki.

Dubi kuma abin da ya faru a Janairun 1973, sa'ad da ƙasa ta tsage da wuta a bakin garin da ke ƙaramin tsibirin Heimaey. Cikin dare ɗaya jiragen masunta suka kwashe mutane wajen 5,000, suka tsallakar da su lafiya. Har yau yawancin masu aikin ceto a ƙasar 'yan sa kai ne, waɗanda kan bar shimfiɗarsu cikin guguwa don neman wanda ba su ma sani ba. Ashe abin da ke jan hankalinmu amana ce, wadda wahala ta koya musu, suka yi ta ginawa tsara bayan tsara.

Saboda haka mai niyyar tafiya ya auna zuciyarsa. Zai je ya ci girbin da wasu suka noma ne, ko zai sa hannu a gonar? Hali zanen dutse ne. Wanda bai saba riƙon amanar maƙwabcinsa a gida ba, jirgin sama ba zai koya masa ba.

In hanya ta buɗe ta halal, a tafi da albarka, da shirin zama maƙwabci nagari. In ba ta buɗe ba, ga maƙwabci nan a bayan katanga, yana jiran wanda zai amince da shi.