Ramin da Ka Bari a Buɗe

Karatu: Fitowa 21:33-34, Maimaitawar Shari'a 22:8

Akwai wata doka cikin Shari'ar Musa wadda ba safai ake wa'azi a kanta ba. Mutum ya haƙa rami, ya tafi abinsa bai rufe ba. Sai jakin maƙwabcinsa ya zo ya faɗa ciki ya mutu. Shari'a ta ɗora biyan diyya a kan mai ramin. Ku lura, bai tura jakin ba, ba ya gaba da mai jakin, watakila ma yana barci lokacin da abin ya faru. Duk da haka shi zai biya. Doka ta biyu kuwa ta umarci mai gina sabon gida ya kewaye bisan soronsa da 'yar katanga, don kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau gidan.

Ga tambayar da ke gabanmu yau: mutum yana ɗaukar alhakin ɓarnar da bai yi nufinta ba? Bari mu auna ta da abin da ke cikin gidajenmu kowace damina, wato sauro.

Macen sauro ce ke cizo, gama tana bukatar jini domin ƙwayayenta, a cikin ruwa kuma take zuba su. Irin da ke kawo masassarar cizon sauro yana son ruwan sama da ya kwanta: kududdufin da aka haƙa don yin tubali, sawun kofaton shanu, sawun amalanke. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwai ya zama sauro mai fiffike. Da dare yake cizo. Akwai wani irin mai ɗigon fari a ƙafafu, wanda ke cizo da rana, yana hayayyafa cikin randa marar murfi, da tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu. Shi ne mai kawo shawara da zazzaɓin dengi, wanda ya kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso a 2023, akasari a cikin birane. Mutumin birni kada ya ce wannan zancen ƙauye ne.

To, sauron da ya ƙyanƙyashe a bayan ɗakinka ba ya tsayawa a ƙofar gidanka ya yi sallama. Yana ƙetare danga, yana ƙetare katanga. Ba ya tambaya ko gidan Kirista ne ko na Musulmi. Ashe kududdufinka ya zama rami mai bin mutane har kan tabarmarsu, abin da ke faɗawa ciki kuma ba jaki ba ne, yaro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 600,000 masassara ta kashe a 2023. Galibinsu a Afirka suke, galibin na Afirkan kuma yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Ƙasashe huɗu, wato Nijeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya, su suka ɗauki fiye da rabin wannan asara.

Wani zai ce, "Ai ciwo da mutuwa a hannun Allah suke." Gaskiya ne, ba mai musu. Amma Allahn nan da ran kowa ke hannunsa, shi ne ya ce a gina katanga a bisan soro. Sa'ad da Iblis ya kai Yesu kan ƙwanƙolin Haikali ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi, Ubangijinmu ya ƙi, ya kira abin gwada Allah. Uban da ke da sange, wato gidan sauro, a ninke cikin akwati, yana cewa bangaskiya ta ishi 'ya'yansa, ya kamata ya sake karanta Matiyu 4.

Akwai wata gardama da ta fi wannan ƙarfi, ita ma dole mu saurare ta. A Shari'ar Musa an san mai ramin. Amma wa zai iya nuna ramin da sauron ya fito? Ga tabki a bakin gari, ga fadama, ga gonakin shinkafa a bakin kogi wajen Gaya da Tillaberi. Ba mai cike su, ba ma a so a cike su, da su muke ci. In na share gidana maƙwabta goma ba su share ba, me na rage?

Babu alƙalin da zai kama mutum a kan wannan, haka ne. Kada kuma kowa ya ɗauki wannan takarda ya je ya tsaya a kan uwar da ta binne ɗanta yana neman laifinta. Almajiran Yesu sun so su san zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, Yesu kuwa bai bi su wannan hanya ba. Mata da yawa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, yaron ya tafi. Su ta'aziyya suke bukata.

Amma rashin alƙali bai sauke nauyi ba. Alhaki yana tafiya da sani da kuma iko. Kakanninmu sun ga masassara tana zuwa da damina, sai suka dangana ta da sabon ruwa ko ɗanyen amfanin gona. Ba su da laifi, gama sai a 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro, can ƙasar Indiya. Mu mun sani. Wasiƙar Yakubu 4:17 ta koya mana cewa barin alherin da mutum ya sani ya kamata ya yi, shi ma zunubi ne. Tabki ya fi ƙarfinka, Allah ba zai tambaye ka tabki ba. Murfin randa bai fi ƙarfinka ba.

Ga kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Ba a haifi sauro da cutar ba. Daga jinin mai ciwo yake ɗaukarta, ta yi kwana goma ko fiye a cikinsa, sa'an nan ya kai wa wani. Saboda haka wanda ya je asibiti da wuri aka gwada jininsa, ya kuma shanye maganin har ƙarshe, ya tare wa maƙwabcinsa hanya. Sange mai magani shi ma haka: sauron da ya sauka a kansa yakan mutu, ba zai kai gida na gaba ba. In gidaje da yawa suna kwana cikinsa, har wanda ba shi da shi yana samun sauƙi. Wanda ya mai da sangen da aka raba kyauta shingen lambu ko rumfar kaji, ba rabonsa kaɗai ya ɓata ba.

Haka maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata cikin damina. Masu rabo suna ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage yana hannun iyaye. Maigida, wannan ba aikin uwargida kaɗai ba ne. Ka tambaya ko an ba yaro. Allurar rigakafin masassara kuma, wadda Kamaru da Nijar suka fara yi wa jarirai a 2024, ƙari ce a kan sange, ba ta ɗauke shi ba.

Yau da dare, in an yi addu'ar iyali, ka duba wa ke cikin sange, wa ke waje. A gidaje da dama babba ne a ciki. Mace mai ciki da ƙananan yara su ya kamata su fara shiga. Sai kuma yarinyar da ke taya uwargida aiki, da ɗan ɗan'uwanka da aka aiko karatu, da yaron kiwo mai kwana a zaure. Dattawan ikkilisiya su ma su zaga bayan majami'a su duba ramin da aka ɗebi ƙasar ginin ɗakin sujada, su kuma tuna da jariran da ake shimfiɗawa a fili lokacin kwanan addu'a. Matasa goma da shebur da amalanken jaki ɗaya za su cike irin ramin nan ran Asabar ɗaya, kafin ruwan watan Agusta ya sauka.