MAI BI NA CIKIN FIM DA MAI BI NA CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Karatu: Ibraniyawa 11:32-40, Ayyukan Manzanni 12:1-11
Ayar haddacewa: 2 Korantiyawa 12:9



Wata Lahadi bayan sujada, wata 'yar'uwa ta tsaya har kowa ya watse. Shekararta 9 da aure, ba ta taɓa ko ɓari ba. Ta ce mini, "Fasto, jiya na kalli wani fim na Kirista. Matar ta yi azumin kwana uku, kafin fim ɗin ya ƙare tana rungume da jariri. Ni shekara nawa ke nan ina azumi? Wane zunubi na yi da har yanzu Allah bai gafarta ba?" An shirya fim ɗin domin ya ƙarfafa masu bi, amma ita ya bar ta da hukunci a zuciya.

Kada ka ɗauka ina kushe waɗannan finafinai. Allah ya yi aiki da su ƙwarai. Fim ɗin Yesu na shekarar 1979, wanda ya bi Bisharar Luka, an juya shi cikin harsuna fiye da 2,000, har da Hausa. Da yawa cikinmu mun gan shi a filin ƙauye, da majigi da janareto, mun ga mutane suna karɓar Ubangiji da hawaye. A nan Najeriya, hidimar Mount Zion da Mike Bamiloye ya kafa a 1985 ta koya wa gidaje da dama cewa ikon Yesu ya fi na boka. Fim ɗin War Room na 2015 kuma, mai labarin tsohuwar da ta mai da ɗan ɗakin ajiye tufafinta wurin addu'a, ya komar da mutane da yawa kan gwiwoyinsu. Domin wannan muna yi wa Allah godiya. Amma mai shirya fim yana da awa biyu kacal, kuma dole ya sallami 'yan kallo da farin ciki. Saboda haka mai bin da yake nuna maka yakan bambanta da na Littafi Mai Tsarki a wurare uku.

Na farko, mai bi na fim yana samun amsarsa kafin a tashi kallo. Dubi Facing the Giants na 2006. Mai horar da 'yan wasan wata makaranta a Amurka ne: ƙungiyarsa tana shan kashi, motarsa ta lalace, matarsa ba ta haihu ba. Ya miƙa kansa ga Allah, sai ga nasara, ga sabuwar mota, ga ciki. Allah yana iya yin haka? Sosai ma! Mun gani a wannan ikilisiya, kuma za mu sāke gani. Amma Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 ya rungumi Ishaku. An sayar da Yusufu yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30. Waɗannan shekaru 13 na bauta da kurkuku, fim zai wuce su cikin minti biyar, kai kuwa kwana-kwana za ka bi su.

Karatunmu na yau ya fi haka nauyi. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, ya kuma kama Bitrus, amma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Manzanni biyu, sarki ɗaya, sura ɗaya. Bangaskiyar Yakubu ce ta gaza? Ko kaɗan. Ibraniyawa 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki tare da waɗanda aka jejjefe da waɗanda aka tsaga da zarto, ta kuma ce dukansu an yaba musu saboda bangaskiyarsu. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa. Ba a cire ba, alheri aka ba shi. A ganina, wuri mafi daraja a wancan fim shi ne inda matar, tana zaton ba ta da ciki, ta gaya wa Allah za ta ci gaba da ƙaunarsa duk da haka. Irin zuciyar Shadrak, Meshak da Abednego ke nan a bakin tanderu: sun san Allah yana iya cetonsu, amma ko bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunki ba.

Na biyu, mai bi na fim ba ya tuntuɓe. Da zarar ya tuba, fushi ya tafi, shakka ta tafi, kullum da murmushi da aya a bakinsa. Kai kuma ka dubi kanka: jiya ka yi wa matarka tsawa, yau ka kasa tashi addu'ar asuba. Sai Shaiɗan ya raɗa maka cewa ba a taɓa cetonka ba. Ƙarya yake yi! Iliya ya kira wuta daga sama, ba da jimawa ba ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, kuma ko bayan Fentikos sai da Bulus ya tsauta masa a Antakiya. Bulus da Barnaba sun yi saɓani a kan Markus har suka rabu, daga baya Bulus ya ce a kawo masa Markus domin yana da amfani a hidima. Ruhu Mai Tsarki bai ɓoye mana waɗannan ba, domin mu san akwai hanyar komowa. Wannan ba izinin yin zunubi ba ne. Idan ka faɗi, ka furta, ka tuba, ka tashi.

Na uku, a fim wanda ba mai bi ba yakan zama mugu. A God's Not Dead na 2014, malamin jami'ar da bai yarda da Allah ba mutum ne mai girman kai da wulakanta ɗalibai. A finafinanmu na gida kuwa, sau da yawa uwar miji ce mayya, kawun da ke ƙauye shi ne ya ɗaure arzikin gida. Yaƙin ruhaniya gaskiya ne, amma Afisawa 6:12 ta nuna mana ba da nama da jini muke kokawa ba. Tsofaffi nawa 'ya'yansu suka daina gaishe su saboda zargin da ba shi da tushe? Idan ka saba ganin duk wanda ba ya zuwa coci a matsayin abokin gāba, ta yaya za ka yi wa maƙwabcinka shaida? Ka tuna, da Yesu zai nuna mana maƙwabci na gari, Basamariye ya zaɓa, firist da Balawe kuwa suka ratse suka wuce.

To, me za ka yi? Ka ci gaba da kallo, amma ka zama kamar mutanen Biriya, waɗanda ko wa'azin Bulus sai da suka auna shi da Nassi. Idan kun gama kallo da iyalinka, kada ku watse. Ka tambayi yara: me muka gani da ya yi daidai da Maganar Allah? Me aka ƙara? Me aka tsallake? Fiye da duka, kada ka auna ƙaunar Allah da saurin amsa. Gicciye ne ma'auninta.

'Yar'uwar nan har yau tana jira, mu ma muna roƙo tare da ita, ba mu fid da zuciya ba. Ita ce ke koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma ta daina neman zunubin da jinin Yesu ya riga ya wanke.

ADDU'A
1. Uba, ka gafarta mini inda na auna amincinka da labarin da mutum ya tsara.
2. Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin jira, ka kuma yi abin al'ajabi a lokacinka.
3. Ubangiji, ka cire zargi daga zuciyata game da dangina da maƙwabtana.
4. Ka shafe masu shirya finafinan bishara, su faɗi gaskiyarka dukanta, cikin sunan Yesu. Amin.

FURUCI: Ko amsa ta zo yau, ko ta jinkirta, ni na Yesu ne, alherinsa kuma ya ishe ni.